Maroko da iyali, kwana tara: motar haya ko jirgin ƙasa?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa taka Maroko da ƙafarsu. In Allah ya kai mu hutun Disamba za mu tafi mu biyar: ni da uwargida, yara biyu (mai shekara 9 da mai shekara 3), sai Hajiya mahaifiyata. Kwana tara za mu yi. A Kasablanka za mu sauka, a nan kuma za mu taso. Fas ce ta kai mu, don Hajiya ta daɗe tana son ziyarar Shehu Tijjani, shekara nawa ina ce mata baɗi. Uwargida kuma ta ga hotunan garin nan mai shuɗin bango, Shafshawan, ta ce sai ta taka shi. Ni kuma Tanja da Marakesh nake son gani.

Abu biyu ne suka tsaya mini. Hajiya na fama da ciwon gwiwa, ba ta iya doguwar tafiyar ƙasa ko hawan matakala da yawa. Ni kuma otomatik kaɗai na iya, rabona da giyar hannu tun ina koyon mota. Biza ta fito, tikitin jirgin sama ma yana hannu. To in ɗauki motar haya tun daga filin jirgi har ranar komawa, ko mu bi jirgin ƙasa gari zuwa gari?

Baba Tsoho:
Wa alaikumus salam. Ka fara samun biza tukuna yaro, sannan a yi maganar mota. Ba a sayen igiya kafin a ga akuya.

Abban Hanifa:
Baba ai na faɗa a sama, biza ta fito.

Sarkin Yawo:
Jirgin ƙasa, ba ma sai an yi dogon zance ba. Ni tun da na hau na Makka zuwa Madina na daina wahalar da kaina da mota a ƙasar waje. Kuma ka sani ƙasashen nan hannun hagu suke tuƙi, za ka rikice a shataletale.

Ɗan Damagaram:
Wane hannun hagu kuma? Maroko dama suke bi, kamar Nijar, kamar Najeriya. Sarki ka taɓa zuwa kuwa?

Sarkin Yawo:
Ban je Maroko ba, amma na je Turkiyya sau biyu, Saudiyya kuwa ba na ƙirgawa. Duk tafiya ɗaya ce.

Ɗan Tasha:
Wato an tambayi hanyar Zariya, kai kuma kana kwatanta ta Gusau.

Ummu Sudais:
Yaya, shekara biyar na yi a Fas ina karatu, bari in faɗa maka abin da na sani.

Daga filin jirgin Kasablanka akwai jirgin ƙasa a ƙarƙashin ginin, zai kai ku tashar Casa-Voyageurs cikin kamar rabin awa. Daga nan ku canja zuwa na Fas, yana bi ta Rabat da Kenitra da Meknes, wajen awa huɗu. Ku sayi aji na ɗaya. Taragon ɗaki-ɗaki ne, kowane ɗaki kujera shida, ku biyar kun kusa cinye ɗaki guda, yara su yi wasansu, Hajiya ta miƙe ƙafa. Aji na biyu mutum takwas ne a ɗaki.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne wannan: zawiyar Shehu tana cikin tsohon gari, Fas al-Bali, kusa da masallacin Ƙarawiyyin, kuma mota ba ta shiga tsohon gari ko ta sarki ce. Lunguna ne, wani lungun in alfadari ya taho da kaya sai ka manne da bango, mai shi yana ihun "balak, balak". Don haka ko ka yi hayar mota, a bakin ganuwa za ta kwana, Hajiya kuma sai ta taka. Abin da zai rage mata wahala shi ne ƙofar da kuka shiga. Kada ku shiga ta Bab Bujlud da kowa ke ɗaukar hoto, daga can gangara ce mai nisa, dawowa kuma hawa ne. Ku ce wa mai tasi ya sauke ku a Rasif, nan ya fi kusa nesa ba kusa ba.

Shafshawan kuwa jirgin ƙasa ba ya zuwa. Sai bas, wajen awa huɗu daga Fas, ko mota. Kuma gaskiya garin a jikin dutse yake, kusan duk lungunan da ake ɗaukar hoton nan matakala ne. Ka yi shawara da Anti tun yanzu kan inda Hajiya za ta zauna ranar.

Abban Hanifa:
Allah ya saka da alheri ƙanwata, irin wannan nake nema. To a cikin gari fa, daga tasha zuwa masauki?

Ummu Sudais:
Nan ne kaɗai za ku ɗan ji haushi. Ƙaramar tasi ta cikin gari, ja ce a Fas da Kasablanka, mutum uku kawai take ɗauka, doka ce. Wani direban har goyo yana ƙirgawa. Ku biyar sai tasi biyu kullum, ko ku nemi babbar tasi mai ɗaukar mutum shida ku yi ciniki ku ɗauke ta gaba ɗaya.

Mai Goro:
Alhaji ka saurare ni da kyau, ni jikina ne ya gaya mini, ba labari na ji ba. KADA KA YI HAYAR MOTA.

A 2023 muka je mu huɗu. Tun daga gida na kama mota ta intanet, otomatik, dirhami 220 a rana, ina murna na tsinci dami a kala. Mun sauka da dare, na je kantar kamfanin, yarinyar ta duba kwamfuta ta ce otomatik ta ƙare, sai mai giyar hannu, ko in ƙara kuɗi a ba ni babba. Ƙarfe goma sha ɗayan dare, ga mata a tsaye da akwatuna, na ƙara. Sai ta ce kuɗin ajiya dirhami 12,000 za a riƙe a katina har in dawo da mota. Ta ce ko ina son cikakkiyar inshora, ƙarin 150 kullum? Na ce a'a, ni shekara ashirin ina tuƙi a Kano ban taɓa goga kowa ba. Wannan a'ar ita ce ta kashe ni.

Aka kai ni wurin fakin, duhu-duhu, yaron ya zagaya motar sau ɗaya da takarda ya ce in sa hannu. Na sa.

Kasablanka ba irin tuƙinmu ba ne. Mu a nan kowa ya san kowa mahaukaci ne, ana kallon ido. Can ga babura na fitowa ta ƙarƙashin hammatarka, ga jirgin nan na cikin gari da ke bin tsakiyar titi, ga wayata na ce mini in juya inda aka hana juyawa. Da ƙyar na kai otal. Washegari a hanyar Fas na sauka daga babbar hanya don mu ci abinci, shiga wani ƙaramin gari allo ya koma 60 ban lura ba, ina kan tamanin da 'yan kai. Jandarma ya fito daga bayan bishiya da na'urarsa. Dirhami 300. Shi kam ban ga laifinsa ba, ya ba ni rasit, har da gaisuwa.

A Fas motar ta kwana uku a wajen ganuwa ba ta motsa ba. Ina biyan haya, ina biyan mai gadin fakin, ni kuma ina yawo a ƙasa kamar kowa.

Ranar mayarwa ce aka yi ta. Yaron da ya karɓa bai kalli ƙofa ba, bai kalli gilashi ba. Kai tsaye ya kwanta a ƙasa ya haska fitilar waya ƙarƙashin bambar gaba, kamar wanda ya yi ajiya a wurin. Ga wani ɗan ƙarce da bai kai tsawon yatsa ba. Na rantse ba ni ba ne, ya ce a takarda ba a rubuta shi ba. Saura awa biyu jirginmu ya tashi. Aka miƙo mini takarda da Faransanci, na sa hannu, aka cire 3,500. Har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Hajiya Babba:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri Alhaji.

Direban Dare:
Allah ya ba ka haƙuri Mai Goro, amma ka yarda ganganci ka yi. Wa ke karɓar motar haya bai yi mata bidiyo ba? Ni bara na ɗauki Dacia mai shan gas kwana goma, 350 a rana, na durƙusa na ɗauki ƙasanta da samanta, har tayar safaya da jak, a gaban yaron. Na mayar ba a cire mini ko sisi ba. Daga Marakesh na haura Tishka, hanyar da ta kai sama da mita 2,200, na sauka Warzazat, na wuce har rairayin Marzuga. Wane jirgin ƙasa ne zai kai ka can? Layin ma a Marakesh ya ƙare. Manyan titunansu kuwa sumul, 120 doka ta yarda, ka biya tolget ka wuce, ga wuraren hutawa da masallaci da banɗaki mai tsabta. Abban Hanifa ka ɗauki mota, 'yancinta daban ne. Yaro ya ce fitsari ka tsaya, Hajiya ta ce salla ka tsaya.

Mai Goro:
Ganganci? Da dare fa nake gaya maka. Ka taɓa yin bidiyon ƙasan mota ƙarfe sha ɗayan dare bayan ka kwana a hanya?

Direban Dare:
Da sai ka kwana a otal ka karɓa da safe. Kuma 220 a rana, kai ma ka san arha ba ta ado.

Ummu Sudais:
Direba, Dacia ɗinka mai giyar hannu ce ko? Mai tambaya ya ce otomatik kaɗai ya iya. Kuma bai ce zai je sahara ba.

Direban Dare:
Giyar hannu ce. Ya koya mana kafin Disamba, sati biyu ya isa.

Ɗan Tasha:
E, ya koyi kuloci a Zoo Road ya je ya gwada a kan dutsen Shafshawan da mahaifiyarsa a baya. Allah ya shirye ka Direba.

Maman Biyu:
350 ina? Mu a watan Agusta 700 muka biya a rana, otomatik mai kujera bakwai, kuma da ƙyar aka samu. Ku biyar da akwatunan Hajiya, kun san tsofaffinmu da tsaraba, ƙaramar mota ba za ta ɗauke ku ba. Ga kujerar yaro ita ma kuɗinta daban.

Direban Dare:
An cuce ku ne kawai.

Maman Biyu:
Ba wanda ya cuce mu malam, Agusta ne lokacin da 'yan ƙasar mazauna Turai ke dawowa gida, komai tashi yake.

Ɗan Damagaram:
Ni sau uku ina zuwa, biyu da jirgin ƙasa, ɗaya da mota. Abin da ba wanda ya faɗa shi ne harshe. Mu da muke jin Faransanci kontira ba ta ba mu tsoro, mukan karanta kafin mu sa hannu. Ku 'yan Najeriya da Turanci za ku sha wuya a wajen manyan otal, sai dai in akwai Larabci, shi ma nasu na kasuwa ba irin na makarantar allo ba ne. Sannan a shingen jandarma akwai allo da aka rubuta Halte. Wannan ba rage gudu yake nufi ba, tsayawa ce cak, har sai ya ɗaga maka hannu. Baƙi da yawa a nan ake cin su tara. Tarar gudu kuwa ni 150 na biya, ba 300 ba.

Daga Tanja kuwa kada ka yarda ka tuƙa zuwa Marakesh, ya fi kilomita 550. Ka hau Al Boraq, jirgin ƙasan nan nasu mai gudun tsiya, awa biyu da minti goma kana Kasablanka, tsakanin Tanja da Kenitra har 320 yake gudu a awa. A Casa-Voyageurs ka canja zuwa na Marakesh, ƙasa da awa uku. Al Boraq mai bene ne, ka nemi kujerun ƙasa saboda tsohuwa.

Mai Goro:
150 ɗin me? Rasit ɗina yana nan, in ɗauko hotonsa?

Ɗan Damagaram:
Ba ƙaryata ka na yi ba Alhaji. Tarar hawa-hawa ce, gwargwadon yadda ka wuce ƙa'ida. Kai ka fi ni take wuta, shi ke nan.

Sarkin Yawo:
Kun ga dai maganata ta fito. Jirgin ƙasa.

Ɗan Tasha:
Sarki kai ka yi shiru, agogon da ya tsaya ma yakan dace sau biyu a rana.

Abban Hanifa:
To nawa ne tikitin Al Boraq ɗin, in yi lissafi?

Ɗan Damagaram:
Wajen 150 na biya a aji na biyu.

Maman Biyu:
Mu sama da 200 kowane mutum, a tashar muka saya ranar tafiya.

Ɗan Damagaram:
Shi ya sa. Kuɗinsa kamar na jirgin sama yake, in ka saya da wuri ya fi sauƙi, ranar tafiya da lokacin cunkoso ya fi tsada.

Direban Dare:
To ku lissafa mana. Mutum biyar, tikiti huɗu ko biyar a kowace tafiya, tasi biyu a kowane gari, ga ɗaukar akwati hawa da sauka. Jiragen da ba Al Boraq ba matakalarsu na da tsayi, wa zai riƙa ɗaga Hajiya? Ita Ummu da kuke ta yabo, yaushe rabonta da ƙasar?

Ummu Sudais:
2017 na dawo.

Direban Dare:
Kun ji ko. Al Boraq ma a ƙarshen 2018 aka buɗe shi, ba ta taɓa hawa ba. Ni bara-baran nan na je.

Ummu Sudais:
Ban ce na hau ba, kuma ban yi maganarsa ba. Fas na yi magana a kai. Lungunan da suka shekara dubu ba su ƙara faɗi daga 2017 zuwa yau ba. Kai kwana goma ka yi kana kallon ƙasar ta gilashin mota, ni damina biyar na yi a cikinta. Ka taɓa bin hanyar Fas zuwa Shafshawan a Disamba? Kwana-kwana ce, ga ruwa, ga hazo a kan duwatsu, rana kuma na faɗuwa da wuri. Maganar matakalar jirgi gaskiyarka ce, amma taku biyu ne zuwa uku, kuma mutanen can ba sa ganin tsohuwa su ƙyale ta.

Baba Tsoho:
Ku bar yarinyar nan, ta fi ku hankali. Ni a 1998 da muka je ziyara, a bas muka yi ta, ba abin da ya same mu.

Malam Na Zawiya:
Abban Hanifa Allah ya karɓi ziyara, ka sa mu a addu'a. Mu duk lokacin da muka je da jama'a direba muke ɗauka da motarsa, masaukin ne ke haɗa mu da shi. Ka bi jirgi zuwa Fas, daga Fas ka ɗauki direba ya kai ku Shafshawan ku kwana, washegari wani ya sauke ku Tanja, tafiyar awa biyu da 'yan kai ce. Ba kuɗin ajiya, ba ƙarce, ba jandarma. Kuma ka yi ƙoƙari Juma'a ta same ku a Fas, Hajiya ta samu zikirin yamma a zawiya.

Abban Hanifa:
Amin Malam. Wannan ta kwanta mini. Kamar nawa direban ke karɓa daga Fas zuwa Shafshawan?

Mai Goro:
Ko nawa ne bai kai 3,500 ba. Kuma ban gama ba ku labari ba. Sauran kuɗin ajiyar, 8,500, kun san sai da na yi sati shida kafin su dawo? Kamfanin ya ce ya saki, bankina ya ce bai gani ba. Sau biyar ina zuwa reshe, kullum a ce in cike fom. Da suka dawo kuma ba a canjin da aka cire aka mayar mini ba.

Maman Biyu:
Kai ka ma yi sa'a katinka ya yi aiki. Mu namu na naira ƙin karɓa ya yi a kanta, suka ce sai katin bashi mai sunan direba a jiki. Da ba don ƙanen maigidan da ke Faransa yana tare da mu ba, da a filin jirgi za mu kwana.

Ɗan Tasha:
Katin naira a ƙasar waje a wancan lokacin ai ado ne, kamar agogon bango a ɗakin amarya.

Direban Dare:
Ku buɗe asusun dala ku huta. Ni da shi na yi komai.

Hajiya Babba:
Asusun dalar da na yi wata uku ina nema? Yau a ce takardar wuta, gobe a ce mutum biyu masu tsaya mini, jibi a ce wanda ya tsaya minin asusunsa ya yi barci. Na gaji na bari.

Sarkin Yawo:
Akwai katin dala na cikin waya, minti biyar ka buɗe.

Maman Biyu:
Masu hayar mota ba sa karɓar wannan, sai katin da za su riƙe a hannu su sa a na'ura. Sarki don Allah.

Mai Goro:
Ni abin da ya fi ƙona mini rai, duk wata sai an cire kuɗin kula da kati, kuɗin saƙo, kuɗin kaza. Ranar da kake buƙatarsu a ƙasar mutane kuwa ka kira layinsu ka ji kiɗa har katin wayarka ya ƙare.

Ɗan Damagaram:
Ku zo Maraɗi ku buɗe na sefa. In an gama layin dogon Kano ma sai ku riƙa zuwa da jirgin ƙasa.

Ɗan Tasha:
Ko da motar haya. A tambayi Mai Goro.

Abban Hanifa:
Jama'a na gode ƙwarai, amma har yanzu ba wanda ya faɗa mini kuɗin direban Fas zuwa Shafshawan. Malam Na Zawiya kana kusa? Kuma shi tikitin jirgin ƙasan, ana iya saye daga nan da katin naira, ko sai na isa?

Hajiya Babba:
Wane banki kake da shi tukuna? Don nawa ko kuɗin makarantar yarinyata da ke Alƙahira ya ƙi turawa, sati uku ke nan ina zarya.